Maƙerin da Ya Ɗora Mota Kan Turame

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Surukina, uban maigidana, maƙerin da rabin Tanut ke kai wa hauya da gatari, ya rasu bayan kaka, da hantsi, bayan zazzaɓin kwana shida. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ba. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

Kwana bakwai muna karɓar gaisuwa. Ni ina ciki wajen mata, amma zanar da ta raba mu da rumfar maza ido kaɗai take tarewa. Manoman Gangara sun zo a kan jakuna. Na ji ɗayansu yana cewa, "To yanzu wa zai yi mana faɗa in mun bar hauya ta kwana cikin raɓa?" Shoferori biyu sun tsai da kamiyonsu, manyan motocin kaya, a bakin hanya suka shigo. Babbansu ya ce tsohon nan ya taɓa buga masa gindin mota da guduma sau uku, ya ce kada ya kama hanyar Agadas da ita. Bai ji ba, ya yi kwana huɗu a daji yana shan ruwan injin. Wata Bafillatana ta kawo ƙwaryar nono ta ajiye gaban Inna, uwar mijina, ta zauna har azahar, ta tashi ta tafi.

Ran kwana uku sai ga wani dattijon Buzu, tsohon abokin Baba. Kun san maƙera da Buzaye abokan wasa ne, ko mutuwa ba ta hana su. Tun bai sauko daga raƙumi ba ya ce, "Ina bawan nan nawa? An ce mini ya gudu bai gama mini aiki ba."

Inna ta amsa masa daga bayan zana, muryarta a dishe: "Ya gaji da wasa takobin da ko kabewa ba ya yankawa."

Maza suka yi dariya. Shi ma ya yi. Daga baya aka ce mini ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido, ya zauna a gefen tabarma.

Duk wanda ya zo, maganar ɗaya ce: mutumin kirki ne. Gaskiya ne. Amma ina tsoron damina biyu in ta wuce, abin da zai rage ke nan, mutumin kirki ne, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Shi ya sa na ce bari in ajiye abin da kunnena ya ji a gidan nan.

Baba ba ya yarda da ido. Yakan ce, "Ido yana cin hanci, kunne ba ya ci." In za a sayi tukunya sai ya ƙwanƙwasa ta. In an kawo guna sai ya ƙwanƙwasa. Har kawunan jikokinsa yakan ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Wannan da abu a ciki. Wancan kuwa sai a yi ta addu'a."

Shekara huɗu ina gidan bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, saboda kunyar surukuta. Sai ya tsaya tsakar gida ya fuskanci rumbu ya ce, "A gaya wa mutanen ɗakin can miyar jiya ta yi daɗi." Ni kuma in amsa wa kaji, "A ce an gode." Ni bahaguwa ce, ina ɓoyewa tun ina amarya, don a gidanmu an sha bugun hannun nan. Ina yankan ciyawar awakina da laujen dama, kullum ina yanke yatsa. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da sabon lauje a jingine, bakinsa a juye, na hagu. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Daga baya Inna ta ce mini daga ƙarar dakana ya gane.

To, maganar mota. Maigidana shi ne ɗan farinsu. Ya taso a maƙera, amma zuciyarsa na wajen injin, sai ya tafi Damagaram ya koyi tuƙi. Ba a daɗe da tafiyar Nasara ba ya dawo da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Ta soja ce tun asali, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Daga hannun soja ta faɗa hannun wani ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana jigilar kanwa da gishiri da ita. An rushe wani gefen katanga aka yi mata ƙofa, ta shigo har tsakar gida. Maigidana yana kai mutane kasuwannin Tarka da Balbeji, mu kuma muka zama gidan masu mota. Ba zan ɓoye ba, har tafiyata ta sake.

Yana sonta kamar doki, kuma kamar doki yake yi mata. Kowace Juma'a sai an yi mata wanka. Ni ke ɗebo ruwan, tulu takwas, daga rijiyar unguwarmu mai zartsi wadda ko sabulu ba ya kumfa da ita. Ya watsa mata sama da ƙasa, ya goge ta da tsohon rawani har tana ƙyalli. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa ƙashin bayan mota, dogayen ƙarafan nan biyu da komai ke zaune a kansu, waɗanda shoferori ke kira shasi, suna da kwarmi inda abu ke taruwa. Gishirin ɗan kasuwa da rairayi sun cika wurin tun tuni, suna kwance a bushe ba su cutar da kowa. Mu ne muka riƙa shayar da su duk mako. A ƙasarmu ta Damargu, inda ƙusa ke shekara goma a ƙasa ba ta yi ja ba, muka shuka tsatsa da hannunmu muna yi mata ban ruwa.

Maigidana ne ya fara ganin ramukan, wata ranar da ya shiga ƙarƙashi. Bai gaya wa kowa ba. Ya cusa tsumma, ya yaɓe da kwalta, ya shafa baƙin fenti. Da ido ba ka ganin komai.

Ranar kasuwar Tarka, da sassafe, mutane sun taru a ƙofar gida da kayansu, sun kai goma sha biyu, har da mata masu goyo. Baba ya fito zai tafi maƙera, ƴar gudumarsa a hannu. Yana wucewa ya kai wa gindin motar bugu ɗaya, don halinsa ne. Ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya dawo ya durƙusa. Ina bakin murhu ina ji. Wajen gaba ƙarfen yana amsawa, ƙarar tana tafiya. Da ya zo wajen ƙafar baya sai ƙarar ta mutu, kamar an bugi jiƙaƙƙen bango.

Ya miƙe. Ya shiga maƙera, ya tumɓuke uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa, wadda ya gada daga kakansa. Ya rungumo ta yana nishi, ya kafa ta a tsakiyar ƙofar da mota ke fita. Ya zauna kusa da ita.

Duk ɗan maƙera ya san ba a taɓa uwar maƙera in ba mai ita ya ce ba. Maigidana ya fito ya gani, ya durƙusa. "Baba, mutane na jira."

"Su hau jakuna."

"Na gyara wurin."

"Ka rufe wurin. Wanda ya rufe rijiya da tabarma bai cike ta ba."

"Baba, wannan fa ba hauya ba ce. Aikin Nasara ne, ba a saninsa da guduma."

"Nasara da ƙarfe ya yi ta ko da tuwo?"

Wani cikin masu jira ya yi dariya, kuma ina jin dariyar nan ce ta ɓata komai. Maigidana ya miƙe, idonsa ya yi ja. Ya ce a gaban jama'a an mai da shi maƙaryaci, gidan da ba a ɗauke shi namiji ba ba zai ƙara kwana cikinsa ba. Ya shigo ɗaki ya ɗauki rigunansa biyu. Ya ce mini, "Zan nemi tuƙi a Damagaram. Ki ɗaure kayanki, in na sami ɗaki zan aiko." Kafin azahar ya hau kamiyon da ya biyo daga arewa.

Ni ko kasuwar Tanut sai in yi wata uku ban leƙa ba. Gidan nan shi ne duniyata: Inna, awakina, magaryar bayan ɗaki. Na ɗaure kayan, don an ce in ɗaure, na zauna ina kallonsu. Na san halin mutanen biyu. In ya aiko na tafi, gidan ya rabu ke nan har abada.

Inna ta yi kwana biyu ba ta yi wa Baba magana ba. Ran na uku ta ce, "Malam, ka kori ɗanka a kan ƙarfe."

Ya ce, "Gara ya yi fushi da ni a Damagaram da in je in tsinto shi a kwarin Tarka, shi da ƴaƴan mutane."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira gayya. Maza wajen ashirin suka kwance jikin motar suka ɗauke shi da itatuwa, suka ajiye gefe. Aka cire ƙafafu. Sai ga ƙashin bayan tsirara, ba abin ɗora shi. Baba ya fuskanci rumbu ya ce, "A gaya wa mutanen gidan nan ana son turame huɗu." Namu biyu, aka aro biyu a maƙwabta, aka kife su, aka ɗora shasi. Inna ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an yi wa turmi wannan wulaƙanci ba, in an ga tsaki cikin fura kada a tambaye ta. Wata biyu muna zuwa daka gidan mutane.

Ya dawo da maƙerar gaba ɗaya bakin ƙofa, tun da uwar maƙera na can kuma ya rantse ba za ta gusa ba. Ya bi ƙarfen taki-taki yana bugu yana saurare. Inda ya amsa ya wuce, inda ya yi shiru ya zana da farar ƙasa. Wuri biyar ya zana. Ya sare ruɓaɓɓen, ya ƙwaƙulo abin da ke ciki. Gishiri da rairayi da jan gari suka cika ƙwarya uku. Ya ɗanɗana a harshe, ya tofar, ya ce wa rumbu, "A daina yi wa mota wanka. Ba sallah za ta yi ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ƙara tada maganar ba, ko sau ɗaya.

Ya goge bakin kowane rami da magagari sai da farin ƙarfe ya fito. Ƙarfen faci kuwa, cewa ya yi ba ya haɗa mota da ƙarfen gatari, sai ɗan'uwanta. Abokinsa Buzun nan ya san inda wata gawar kamiyo take kwance a hanyar arewa. Ya tafi kwana biyar, ya dawo da guntaye biyu a ɗaure a raƙumi. Yana saukewa yana cewa, "Dubi abin da duniya ta zama, ubangida na yi wa bawansa dako." Baba ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya ce, "Wannan ya fi mai kawo shi lafiya."

Sai aka zo wajen wuta, kuma ba mai zuga. Maigidana ne ke yi masa in aiki ya yi nauyi. Na ga tsoho yana danna zuga-zugi da hannu ɗaya, yana juya ƙarfe da ɗaya, gawayin ƙirya da aka kawo daga kudu yana ƙonewa a banza. Ban san lokacin da na ja mayafi na je na durƙusa ba. Na kama zuga-zugin. Inna ta riƙe baki. Baba ya dubi wutar ya ce, ba ga rumbu ba, "A hankali, ɗiyata. Wuta ba ta son gaggawa." Maganarsa ta fari gare ni ke nan.

A nan na ga aiki. Ba ya kai wuta jikin shasi ko kaɗan, ya ce wuta tana kashe zuciyar ƙarfen mota. Facin kaɗai yake gasawa, ya lanƙwasa shi bisa uwar maƙera, ya kai ya gwada, ya dawo, har sai ya rungumi wurin ba inda iska za ta bi. Ramukan ƙusa a jikin shasi da abin huda na hannu ya yi su, rami ɗaya rabin yini. Kowane faci sai ya wuce ciwon da taki guda ta kowane gefe. Ya ce faci kamar belin mutum ne, sai mai lafiya ke tsaya wa marar lafiya. Ƙusoshin ma shi ya ƙera su, masu kauri, waɗanda ake sawa da zafi a daki kansu, ribe in ji shoferori. Ni ke ɗauko su jajur da awartaki in zura a rami. Wani ya tokare bayan da ƙarfe mai nauyi, Baba ya daka kafin su huce.

Wuri huɗu mun gama su da taimakon maƙwabta. Na biyar shi ne mugun, inda ƙafar baya ke rataye, inda duk nauyin mutane ke sauka. Mai tokarewa sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashi, tartsatsi na zubo masa, kuma ya san numfashin mai duka. Maƙwabci ya gwada, ƙusa uku suka fito suna rawa. Baba ya sare su duka. Wani ya gwada, haka. Baba ya ajiye masaɓa ya ce a bari. Bai ce wa yake jira ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe masa ƙarfe.

Cikin makon nan saƙo ya zo daga Damagaram: an sami ɗaki, in biyo kamiyon ran Lahadi.

Ban iya rubutu ba a lokacin, ban kuma san abin da zan ce a faɗa masa ba. Sai na je inda Baba ya tara ruɓaɓɓun guntaye, na zaɓi wanda aka saro daga wuri na biyar, tsummansa da kwaltarsa da fentinsa duk suna jiki. Na ƙunshe shi a ɗankwalina na ba shofer ɗin da ya kawo saƙon. Na ce ya ce wa maigidana matarsa ta ce ya matsa wannan da hannu ɗaya. Daga baya maigidana ya gaya mini a gaban abokansa ya kwance ƙunshin. Ya matsa, abin ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce fuskar matan nan masu goyo ya riƙa gani.

Ran Litinin da hantsi muna bakin wuta sai ga inuwa a ƙofa. Maigidana ne, ya raɓa ta gefen uwar maƙera ya shigo, ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya amsa kamar yana amsa wa wanda ya dawo daga rijiya. Maigidana ya tuɓe riga, ya ɗauki ƙarfen tokara, ya shige ƙarƙashi.

Baba ya ce mini, "Zuga."

Ƙusa takwas, ba wadda aka sake. Ban taɓa jin duka irin na ranar ba, kamar mutum ɗaya ne mai hannu huɗu. Da aka gama Baba ya bi su da ƴar guduma, kowace ta amsa. Aka ɗura baƙin man injin cikin kwarmin, aka huda ƙananan ramuka ta ƙasa don ruwa ya sami hanyar fita. Gayya ta dawo aka mai da jiki da ƙafafu, Inna ta karɓi turamenta tana duba su ɗaya-ɗaya tana tsaki.

Mun ɗauka an gama. Baba ya ce a loda mata buhunan hatsi iya abin da take ɗauka, maza goma su hau bisa. Sa'an nan ya ɗauko tabarmarsa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin motar, daidai wuri na biyar, ya kwanta. Ya ce, "Ku yi tsalle."

Ba wanda ya motsa. Inna ta ce, "Malam, fito. Ka tsufa da wannan."

Ya ce, "Wanda ya yi gyara shi ke fara kwanciya ƙarƙashinsa. In ban yarda da shi a kan ƙirjina ba, don me zan ɗora ɗiyan wani?"

Maigidana yana tsaye kusa da ni. Na ga ya cire hula ya miƙo mini. Ya durƙusa ya rarrafa ya kwanta gefen ubansa. Ina kusa, na ji su.

"Wa ya kira ka?"

"Ni na tokare. In ta faɗo, rabi nawa ne."

"To matsa, ka danne mini riga."

Maza suka yi ta tsalle, motar na lilo, ƙura na tashi. Ni dai ƙafafu huɗu nake kallo, biyu masu faso, biyu masu takalmin shofer. Facin ko gezau bai yi ba. Da suka fito, fuska duk baƙin mai, Baba ya kakkaɓe tabarmarsa, ya dubi ƙofa, ya ce wa ɗansa, "Je ka ɗauke uwar maƙera ka mai da ita wurinta. Bayana ba ya so."

Maigidana ya tsaya jim, don bai taɓa ɗaga ta ba tun da aka haife shi. Ya je ya rungume ta. Da ya zo wucewa ta gabana, yana nishi, ya ce, "Ke kuma je ki kwance kayan nan da kika ɗaure, sun tare hanya."

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya sa wutar maƙera ita ce iyakar wutar da zai gani. Allah ya ba Inna haƙuri, ya riƙa mana gidan da ya bari a haɗe. Wanda duk ya taɓa hawa motar nan ya sauka lafiya, ina roƙonsa Fatiha ɗaya.